Tudun Mai Gadi

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mai gadi ne. Shekara 22 ya yi yana kwana a ƙofar wani sito a Kakuri, cikin Kaduna, da tocila da gora da usur, da wani tsohon kwat mai nauyi da yake ɗorawa a kan rigarsa idan hunturu ya kankama. Bayan sallar asuba yake shigowa gida, kusan kullum da burodi guda a hammata, ya miƙa wa Inna ya ce a raba wa yara kafin su tafi makaranta. Daga nan ya kwanta, mu kuma a hana mu hayaniya har azahar. Da kamfanin ya rufe, ko sisin sallama ba a ba shi ba.

Ina shekara ta uku a jami'a wani malaminmu mai koyar da tarihin Ingilishi ya rubuta wata kalma a allo, weard, ya ce da ita mutanen Ingila na shekaru dubu da suka wuce suke kiran mai tsaro, kuma wanda ya iya tono zai same ta a kwance ƙarƙashin kalmomin da bai taɓa zato ba. Maganar ta zauna mini. Yanzu Turanci nake koyarwa a sakandare, kuma duk shekarun nan ina tsintar 'ya'yan wannan kalma ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa a bayan wani littafin rajista. To da ƙanwata, wadda take aikin jinya a Newcastle, ta aiko mini da takardar gayyata, tun kafin biza ta fito na san inda nake son zuwa.

"Yaya," in ji ta, da na faɗa mata, "mutane suna zuwa su ce a kai su Landan su ga fadar sarki. Kai kuma ƙauye?"

Ƙauyen sunansa Warden, kuma a ƙarshen Satumba muka tafi, ni da ɗanta na fari mai shekara 12. Jirgin ƙasa daga Newcastle yana bin gaɓar kogin Tyne ya nufi yamma, cikin kamar rabin awa da 'yan mintoci ya sauke mu a Hexham. Daga nan muka taka, tafiyar kusan awa guda, yayyafi na zuwa yana ɗaukewa. Wurin bai kai a kira shi gari ba: gidaje 'yan kaɗan, gada, da wani tsohon coci wanda ƙasan hasumiyarsa ya kusa shekara dubu, an gina shi har da duwatsun da aka kwaso daga gine-ginen Rumawa. A gindin ƙauyen ne koguna biyu, Tyne ta Arewa da Tyne ta Kudu, suke haɗuwa su zama ɗaya. A bayansa kuma tudu ne.

Tudun nan ne ya ba ƙauyen suna. A tsohon Ingilishi weard dun ake cewa, wato tudun gadi, inda ake sa mutum ya tsaya yana duba hanya. Da muka hau, numfashina na fita sama-sama, sai na ga dalili da idona. Kwaruruka biyu ne a shimfiɗe a gabanka, duk mai tahowa ta bin ɗayan kogunan nan, da doki ko da ƙafa, za ka hango shi tun yana nesa. A ƙwanƙolin akwai sauran wata ganuwar ƙasa da ta girmi zuwan Rumawa, yanzu ta zama kunya-kunya ciyawa ta rufe, tumaki na kiwo a kai. Ashe tun kafin a zo da harshen da ya raɗa wa tudun suna, akwai wanda ke kwana a nan ido biyu. Iska ce mai shiga ƙashi. Na tsaya ina tunanin mutumin da aka ce wa yau kai ne, ka kwana a nan, kuma ba wanda ya zo mini a rai sai Baba da kwat ɗinsa.

A nan na zaunar da yaron a kan dutse na ce ya lissafo mini sunayen 'yan ajinsu. Ya fara, har ya zo kan wani mai sunan dangi Hayward. Na ce tsaya. Kakan kakan wannan yaro mai gadin shinge ne: hege shi ne shinge, weard mai tsaro. A ƙauyukan Ingila na da, gonakin gari a haɗe suke, sai a naɗa mutum guda ya riƙa zagayawa yana duba shinge, kada shanu su faɗa wa hatsi, wanda dabbarsa ta yi ɓarna kuma ya kama ta sai an biya tara. Woodward mai gadin daji ne, kamar malamin dajinmu. Millward shi ke kula da gidan niƙa, Durward mai tsaron ƙofa. Edward kuwa, sunan da sarakunansu suka yi ta sa wa 'ya'yansu, ead ne da weard: mai tsaron arziki.

"Kawu, to lord fa? Ka ce akwai wani abu a cikinsa."

Wannan ce kalmar da ta fi taɓa ni tun ranar da na fara jin asalinta. Lord, da suke kiran manyan masu sarauta da ita, har suke kiran Ubangiji da ita a addu'arsu, a da hlaford ce, kafin nan kuma hlaf weard. Hlaf burodi ne. Mai gadin burodi, wanda abincin gida ke hannunsa, shi ke ajiyewa shi ke rabawa. Lady kuma hlæfdige ce, mai kwaɓa ƙullun burodin. Maigida da uwargida ke nan, ba ƙari ba ragi. Har bara mai cin abincin gidan suna da sunansa, hlafæta, mai cin burodi. Shekaru suka yi ta cinye harufan har burodin ya ɓace daga cikin kalmar, mai gadin ma ya ɓace, girman kaɗai ya saura. Yaron ya yi shiru, sannan ya ce, "Mama ta ce Kaka kullum da burodi yake dawowa." Na ce haka ne. Ban iya ƙara komai ba.

Haka steward, sunan da Turawan mulkin mallaka suke kiran boyin da ke jera musu abinci a tebur a ƙasarmu. Asalinsa stigweard, mai kula da gida. A tsakiyar ƙarni na 12 Sarki David na Ɗaya na Sikotland ya ba wani mutum, Walter fitz Alan, wannan muƙami a fadarsa. Zuriyarsa suka gaje shi har ya zama sunan gidansu, Stewart, kuma a 1371 ɗaya daga cikinsu, Robert na Biyu, ya hau gadon sarautar ƙasar. Suna ɗaya ne a kan boyi da a kan sarki.

Akwai abin da ya kamata in warware, domin ni ma na daɗe ina haɗa su. Sunan ƙauyen da kalmar warden ta muƙami, wato mai tsaro na hukuma, sun yi kama ne kawai a rubutu, hanyarsu daban, ko da yake kakansu ɗaya. Ta muƙamin ta shigo ne da Normawa, mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi a 1066. Su a bakinsu wardein suke cewa, mutanen wajen Faris kuma suka mai da harafin farko g. Ingilishi ya karɓi duka biyun, ya samu warden da guardian, a gefen tsohuwar ward ɗinsa kuma ya samu guard. Wannan ta ƙarshen ce ta hau jirgin ruwa ta iso mana, bakinmu ya gyara ta ta zama gadi. Wato da muke ce wa Baba mai gadi, 'yar uwar weard ce muke furtawa ba mu sani ba.

Kafin mu sauko na ba shi labarin Cædmon, domin a nan ya dace a ba da shi. Wani malamin coci mai suna Bede, wanda ya zauna a Jarrow a bakin wannan kogi na Tyne ya kuma kammala tarihinsa a 731, shi ya kawo labarin. Cædmon ma'aikaci ne a gidan ibada na Whitby, bai iya waƙa ba, duk sanda aka zauna ana zagayawa da garaya sai ya sulale. Wata rana ya sulale ya tafi garke, saboda a daren nan shi ke da gadin dabbobi, kuma a can aka ce baiwar waƙa ta zo masa cikin barci. Shi ne mawaƙin Ingilishi na farko da aka san sunansa, kuma a layin farko na waƙarsa ya kira Mahalicci heofonrices weard, Mai tsaron mulkin sama. Mutumin da ke gadin shanu da dare, da ya tashi yabon Ubangijinsa, sunan aikinsa ya ɗauko. Mu da muke kiran Allah Al-Hafizu, Ar-Raƙibu, ba za mu ji wannan baƙon abu ba.

Da la'asar muka koma Hexham muka shiga tsohon kurkukun garin, wanda aka gina wajen 1330, ana kuma cewa shi ne gini mafi tsufa a Ingila da aka yi musamman don tsare fursuna. Yanzu gidan tarihi ne. A nan labarin ya juya, daga masu gadin shinge da burodi zuwa masu gadin iyaka, kuma daga nan bai ƙara yin daɗi ba.

Iyaka a tsohon Ingilishi mearc ce. Daga ita aka samu sunan daular Mercia, mutanen bakin iyaka, wadda sarkinta Offa, da ya yi mulki daga 757 zuwa 796, ake danganta masa doguwar ganuwar ƙasa tsakaninsa da Wales. Yankin da ke tsakanin Ingila da Sikotland kuma march ake ce masa. Yarjejeniyar York ta 1237 ta shata layin, a 1249 barade daga ɓangarorin biyu suka zauna suka rubuta dokokin iyaka, daga baya aka raba kowane ɓangare gida uku, gabas da tsakiya da yamma, kowanne da warden ɗinsa. Su shida ke nan. Kwaruruka masu taurin kai, irin su Tynedale da Redesdale da Liddesdale, aka ba su nasu mai riƙo na musamman, keeper. Tsarin bai yi mini nisa ba. Galadiman Borno da ke zaune a Nguru aikinsa riƙe iyakar yamma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya kafa garuruwan ribaɗi a bakin iyaka, shi da kansa ya zauna a Wurno. Duk daular da ke da maƙwabci mai ƙarfi sai ta ajiye wani a bakin ƙofa.

Wata dattijuwa mai aikin sa kai a gidan tarihin ta ga ina rubutu, ta zo ta tsaya tare da mu. Ita ta bayyana mini abin da waɗannan mutum shida suke gadi a kai. Kusan shekara 300, manyan dangogi na ɓangarorin biyu, Armstrong da Elliot da Graham da Kerr da Scott da Charlton da Robson, satar shanu ce sana'arsu. Reiver ake ce musu, daga tsohuwar kalma reafian, ƙwace, kuma daga tushen nan ne bereaved ta fito, wadda yau ake faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa: wanda aka ƙwace wa. Lokacin da suka fi fita daga kaka ne zuwa cikin hunturu, dare ya yi tsawo, shanu sun ƙoshi za su jure kora. Ta ce, ai kun zo daidai farkon lokacin. Manoma suka koma gina gidajen dutse masu kaurin bango, dabbobi a ƙasa, mutane a sama, a hau da tsani a janye shi.

Doka ta ba wanda aka sace wa shanu damar bin sawu har cikin ɗaya ƙasar, muddin cikin kwana shida ne, da karnuka da ƙaho, da dunƙulen busasshiyar ciyawa mai ci da wuta a tsinin mashi, don kowa ya san biyan sawu ya zo ba hari ba. Hot trod suke ce wa wannan. Wanda ya ƙi taimaka masa ya yi laifi. Auren ƙetare iyaka ba da izinin warden ba laifi ne da kan iya kai mutum ga igiya, amma mutane ba su fasa ba. Lokaci-lokaci kuma masu riƙon ɓangarorin biyu sukan haɗu a bakin iyaka a ranar amana, a karanta ƙararraki, a yanke diyya, a miƙa masu laifi. Duk wanda ya halarta yana cikin aminci har fitowar rana ta washegari.

Sai ta ce, ka san blackmail a nan aka haife ta? Mail a bakin mutanen arewa haya ce ko haraji. Blackmail kuɗi ne ko hatsi ko dabba da manomi yake kai wa babban ɓarawo don ya ƙyale shi, ya kuma hana wasu ɓarayin taɓa shi.

Na ajiye biro. Dangin matata suna wani ƙauye a yammacin Katsina, kuma ba sau ɗaya ba aka bugo mini waya a ce ana haɗa kuɗin da za a kai daji kafin a bar su su girbe abin da suka shuka da hannunsu. Na yi ta jin mutane suna magana kamar wannan masifa halinmu ce, wani abu ne a jininmu. Ga shi a nan, a ƙasar da ciyawa ta yi kore shar, shekara 450 da suka wuce, da sunansa da ƙa'idarsa. Ban ji sanyi a raina ba don wasu ma sun sha. Abin da na ji shi ne ƙishirwar in san yadda ya fara a nan da yadda ya ƙare. Dattijuwar ta ga fuskata ta canja, ta tambaya, na faɗa mata a taƙaice. Ta dafa hannuna ba ta ce komai ba.

Washegari mijin ƙanwata ya samu hutu ya ɗauke mu a mota. Mun bi ta gefen ganuwar Hadrian, wadda Rumawa suka fara a shekara ta 122, mai tsawon kilomita 117 daga teku zuwa teku. An yi rubutu da yawa a kanta, ba zan ƙara ba, sai abu ɗaya: kusa da ƙarshenta na yamma, a Burgh by Sands, wata rundunar mutanen Afirka ta Arewa ta yi gadi a ƙarni na 3. A wannan wuri kuma Sarki Edward na Ɗaya ya mutu a 1307 yana kan hanyar kai wa Sikotland yaƙi, yaƙe-yaƙen da shi ya kunna wutarsu, su ne kuma suka mai da iyakar abin da ta zama.

Carlisle ce mazaunin warden na yamma na ɓangaren Ingila. Kagararta ta jan dutse ce, an fara ta a 1092, kuma Richard na Uku ya riƙe wannan muƙami kafin ya zama sarki. A watan Maris na 1596 aka yi ranar amana a bakin rafin Kershope. Wani shahararren ɓarawon shanu na Sikotland, Kinmont Willie Armstrong, ya halarta, yana kan hanyar komawa gida mutanen ɓangaren Ingila suka bi shi suka kama shi, rana ba ta ko faɗi ba balle ta fito. An karya amana ke nan. Warden ɗin, Lord Scrope, ya kulle shi a Carlisle ya ƙi sakinsa. Mai riƙon Liddesdale, Walter Scott na Buccleuch, ya yi ta aika wasiƙu ba amsa. Daren 13 ga Afrilu, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya zo da mahaya kimanin 80, suka shiga ta wata 'yar ƙaramar ƙofa ta gefe suka fita da mutuminsu. Da ɗan gari akan ci gari: akwai 'yan Graham na ɓangaren Ingila a cikin shirin, akwai kuma na cikin gida da suka san da zuwansu.

Na tsaya a farfajiyar kagarar ina juya labarin. Mai gadi na wannan gefe ya karya dokar da aka naɗa shi ya tsare. Mai gadi na wancan gefe ya fasa gidan sarki don ya kuɓutar da ɓarawo. Manomin da Kinmont ya kore wa shanu kuwa, babu wanda ya rubuta sunansa.

A hanyar ƙarƙashin titi da ke tsakanin kagarar da gidan tarihi na Tullie House akwai wani mulmulallen dutse mai nauyin tan 14, an ajiye shi a 2001. A jikinsa an sassaƙa wani yanki na tsinuwar da babban bishop na Glasgow, Gavin Dunbar, ya yi wa ɓarayin iyaka a 1525, aka karanta a coci-coci. Ya tsine wa kansu da gashin kansu, da idonsu da haƙoransu, da tafiyarsu da zamansu, bai bar komai ba. A daɓen wurin kuma an rubuta sunayen dangogin, kana tafiya kana taka su. Bayan an kafa dutsen annobar ciwon baki da kofato ta halaka dabbobin yankin, a 2005 ambaliya ta ci garin, har majalisar birnin ta zauna kan ko a ɗauke shi, ta bar shi. Ni abin da na karanta a jikin dutsen gajiya ce. Malami ba ya kaiwa ga irin wannan baki sai ya ga masu takobin hukuma sun kasa, ko sun ƙi.

A rana ta uku muka haura arewa. Tsakanin kogin Esk da na Sark akwai wani yanki, tsawonsa bai wuce kilomita 16 ba, da ake kira Debatable Land, ƙasar gardama, domin kowace masarauta ta ce tata ce, ba kuma wadda ta yarda ta ɗauki alhakin abin da mazaunanta suka aikata. A 1551 masu riƙon iyakar suka yi shela cewa kowa na iya kashewa da ƙonawa da kwashewa a cikinta ba a tambaye shi ba. Masu gadi ne suka yi wannan shela. A 1552 aka raba ta, jakadan Faransa ya shiga tsakani, aka tona rami aka tara ƙasa, Scots' Dike, wadda yanzu take kwance cikin wani siririn kurmi. Mun tsallaka iyakar a kan kwalta, ba shinge ba soja ba mai tambayar takarda, allo ne kawai na maraba.

Hermitage tana can cikin Liddesdale, a ƙarshen wata siririyar hanya da mota biyu ba sa wucewa tare. Ban taɓa ganin gini mai ɗaure fuska irin wannan ba. Bango ne baƙi-baƙi ya miƙe sama, tagogi 'yan mitsi-mitsi, kewaye da shi fili ne mai jiƙaƙƙiyar ciyawa har iya ganinka, ba gida ba hayaƙi. Nan ne mazaunin keeper. A Oktoban 1566 mai riƙon wurin, Bothwell, ya fita kama wani ɗan Elliot, ɗan Elliot ɗin ya sassare shi, aka kawo shi nan a kwance, Sarauniya Mary ta Sikotland ta hau doki daga Jedburgh ta zo duba shi ta koma a rana ɗaya, tafiyar kusan kilomita 80, ta kwanta ciwon da ya kusa kashe ta.

A jikin bangon nan na jingina na buɗe tsohon littafin rajistata, inda na taɓa rubuta wata kalma da ban gane nauyinta ba sai ranar: mearcweardas, masu gadin iyaka. A wata tsohuwar waƙar Ingilishi da ke ba da labarin fitar Bani Isra'ila daga Masar aka yi amfani da ita, kuma ba mutane ake nufi ba. Kyarketai ake nufi, masu kuka da tsakar dare a bakin daji suna jiran gawa. Mawaƙin ya riga waɗannan warden da ɗaruruwan shekaru, amma kamar ya san Sir John Forster, wanda ya riƙe tsakiyar iyakar Ingila sama da shekara 30, aka yi ta kai ƙararsa Landan cewa yana ɗasawa da ɓarayin da aka sa shi ya kama. Sarki yana nesa, albashi ba ya isa, dakarun da ke hannunsa kaɗan ne. In ya naɗa ɗan ƙasa, yana da dangi da abokan gaba a cikin ɓarayin. In ya turo baƙo, bai san hanya ba, ba mai gaya masa gaskiya. Sarakunan biyu kuma, wannan shi ne abin da na fi riƙewa, suna da amfani da waɗannan mahaya: ranar yaƙi su ne sojan da ba a biya, ranar zaman lafiya su ne ƙayar da ke hana maƙwabci barci. An ba kura ajiyar nama, kuma wanda ya ba ta ya san kura ce.

Ban ce duka haka suke ba. Akwai na kirki, kuma tun da daɗewa. A 789 jiragen ruwa uku suka tsaya a Portland, can kudu, wakilin sarki a yankin, wanda suke kira gerefa, ya hau doki da 'yan mutane kaɗan ya je ya ce su biyo shi gari a san ko su wane ne, yana zaton fatake ne. Mutanen arewa ne, 'yan Viking, suka kashe shi nan take. Sunansa Beaduheard. Aikinsa ya je yi. Daga wannan gerefa ne aka samu sheriff, wakilin gunduma, kuma ba ta da dangantaka da sharifi namu, ko da yake kunne yana so ya haɗa su. Akwai kuma talakawan da ba a rubuta sunansu ba, waɗanda doka ta ɗora wa kwanan gadi bi da bi a mashigan koguna duk tsawon hunturu, mutum biyu-biyu a cikin wannan iska.

Ƙarshen abin ya zo a 1603. Sarauniya Elizabeth ta mutu ba ɗa, wani warden, Robert Carey, ya yi sukuwa daga Landan zuwa Edinburgh cikin ƙasa da kwana uku ya kai wa Sarkin Sikotland James na Shida labari, jikan jikokin wancan mai kula da gida, Walter fitz Alan. Da mutum ɗaya ya zama sarkin ƙasashen biyu, ɓarayin ba su da sauran amfani ga kowa, kuma ba sauran tsallaken da za a gudu a ɓuya. Ya soke dokokin iyaka da muƙamin warden, ya ce a daina kiran yankin iyaka, a ce gundumomin tsakiya. Abin da ya gagara shekara 300 ya lafa cikin shekara kamar goma. Amma da igiya aka yi shi, an rataye mutane da yawa, wasu ba shari'ar kirki, har ana yi wa Jedburgh kirarin rataya tukuna shari'a daga baya. A 1606 aka kwashe 'yan Graham aka tura su Ailan. Wannan ɓangaren bai kwanta mini ba, kuma ba na fatan a kwaikwaye shi. Zuriyar dangogin nan suna nan, suna kiwon tumaki suna tuƙa bas. Ɗaya daga cikin masu sunan Armstrong shi ya fara taka wata a 1969, a 1972 kuma ya zo Langholm, garin da muka tsaya muka ci kifi da dankali, aka karɓe shi a matsayin ɗan gari.

Mun iso Newcastle bayan magariba. Ƙanwata ta riga ta sa kayan aiki, tana zuba shayi a fulas, domin satin kwana take. Ɗanta ya tare ta a kicin yana zuba mata abin da ya kwaso, burodi da lord da kyarketai, duk a haɗe. Na tambaye ta, ɗakin marasa lafiya da take kwana a ciki, me suke kiransa a asibitin?

"Ward mana, Yaya."

Ta faɗa, sai ta tsaya da murfin fulas a hannu tana dubana. Na ce ita ce, kalmar nan ce dai, ba ta ko canja kaya sosai ba: wurin da aka ba mutum ya tsare. Ta ce gado 14 ne a hannunta yau, biyu daga ciki ba a tsammanin za su kai safe. Ta naɗe yankan burodi biyu a leda ta sa a jaka, ta ɗora wata ƙatuwar rigar sanyi a kan kayan aikin, ta ce a kulle ƙofa, sai da safe.